Idan Faifai Ɗaya Ya Ƙi Bayyana Wajen Tagwaita Ajiyar Kwamfuta, Kada A Yi Gaggawar Goge Shi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida mai albarka, ina roƙon ka ba ni fili domin in ja hankalin abokan sana'ata masu gyaran kwamfuta, da kuma waɗanda suke kawo mana aiki, a kan wata matsala da ke jawo asarar kuɗi da ta bayanai a nan Zariya, alhali kuwa a mafi yawan lokuta maganinta bai wuce natsuwa da bin abubuwa daki-daki ba.

A 'yan shekarun nan masu makarantun kuɗi, da masu shagunan buga takardu na Samaru da Kongo waɗanda ɗalibai ke damƙa wa ayyukansu na kammala karatu, da masu ɗaukar hoto da bidiyon biki, da kantunan magani na Sabon Gari da Tudun Wada, sun fara gane cewa tara dukkan bayanansu a faifan ajiya guda ɗaya babbar kasada ce. Saboda haka sukan nemi a sa musu faya-fayai biyu a kwamfuta ɗaya, a tagwaita su, ta yadda duk abin da aka rubuta a kan ɗaya za a rubuta shi a kan ɗayan a lokaci guda, tamkar ɗan kasuwar da ke riƙe da littattafan bashi biyu, ba ya shigar da ko kwabo a ɗaya sai ya shigar a ɗayan. Wannan tsari shi ake kira RAID 1, kuma sunan ya yaɗu ne daga wata maƙala da masana uku na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, wato David Patterson da Garth Gibson da Randy Katz, suka gabatar a shekarar 1988. Amfaninsa a fili yake, domin idan faifai ɗaya ya mutu kwamfuta za ta ci gaba da aiki da ɗayan har a sauya mataccen. Abin da ake biya a madadin haka shi ne, wanda ya sayi faya-fayai biyu masu terabait 2 kowanne, terabait 2 kaɗai zai mora, ba 4 ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne lokacin haɗawa. Mai gyara zai ɗaura faya-fayan biyu, ya kunna kwamfuta, ya buɗe wurin da ake zaɓar waɗanda za a tagwaita, sai ya tarar ɗaya kaɗai ke nan, ɗayan babu alamarsa. Abin da nake gani daga ayyukan da ake dawo mana da su shi ne, a wannan gaɓa mutane kan faɗa ɗaya daga cikin ramuka uku. Wani nan take zai yanke hukunci cewa faifan matacce ne, ya tura mai kaya ya sake sayen wani da kuɗi masu yawa. Wani kuma zai kama goge-goge da fomat a kan duk abin da ya gani, da fatan ko ɓataccen zai fito, kuma ta nan ne ake rasa sakamakon jarrabawar ɗalibai na shekaru da hotunan bikin mutane. Na ukun shi ne ya fi tayar mini da hankali, wato wanda zai bar faifan a ɗaure cikin akwatin kwamfuta ba ya aikin komai, ya rufe murfi, ya karɓi kuɗinsa, mai kaya kuwa ya tafi da yaƙinin cewa bayanansa suna wuri biyu. Wannan cin amana ne, ko da jahilci ne ya jawo shi ba mugun nufi ba. Abin da nake so in tabbatar wa masu karatu shi ne, faifan da bai bayyana ba ba lallai ne ya mutu ba, kuma akwai hanyar gano inda ya maƙale ba tare da an taɓa bayanan kowa ba.

Kafin a kwance ko da noti ɗaya, akwai abubuwa biyu da bai kamata a tsallake ba. Idan ɗaya daga cikin faya-fayan yana ɗauke da bayanai, a fara kwafe su zuwa wani wuri na uku, a buɗe wasu daga cikin fayilolin da aka kwafa a tabbatar suna buɗewa, sannan a cire wannan kwafi daga jikin kwamfutar a ajiye shi gefe. Bayan haka a duba takardar da ke manne a bayan kowane faifai, a rubuta lambar siriyal ɗinsa a takarda, a kuma rubuta wanne ne mai bayanai, wanne ne sabo. Faya-fayai biyu na kamfani ɗaya masu girma ɗaya ba su da wani bambanci a fuskar kwamfuta sai wannan lamba, kuma lambobin 0 da 1 da Windows ke ba su, ko haruffan sda da sdb da Linux (wata manhajar tafiyar da kwamfuta kamar Windows) ke ba su, suna iya sauyawa da zarar an sauya musu kafa, wato ramin da ake soka wayar faifai a cikin kwamfuta. Wanda ya dogara da cewa "na biyun shi ne sabo" yana iya goge na farkon da hannunsa.

Daga nan sai a fara bincike daga ƙasa, wato daga wuta da waya, ba daga manhaja ba. Faifan SATA, wato wanda ake haɗawa da kwamfuta ta irin wayar da ake kira SATA, yana da bakuna biyu: ƙarami mai fil 7 wanda bayanai ke bi ta cikinsa, da mai faɗi mai fil 15 wanda ke kai masa wuta. Idan faifan mai juyawa ne, a ɗora yatsa a bayansa lokacin da aka kunna kwamfuta, domin mai lafiya yana ɗan rawa a hankali, kuma kunne na jin tashin injinsa. Idan shiru ne, to maganar wuta ce kafin komai. Babban faifai na kwamfutar tebur, mai inci 3.5, yana buƙatar wuta iri biyu, bolt 12 domin juya injinsa da bolt 5 domin allonsa, kuma a daƙiƙun farko na tashi yana jan wuta fiye da yadda yake ja yana cikin aiki. Tsohon fawa-fak, wato akwatin da ke raba wa kayan cikin kwamfuta wuta, da ya sha wahalar ɗaukewa da dawowar wutar lantarki da ta janareta yana iya tayar da faifai ɗaya lafiya, amma ya gaza idan aka ƙara masa na biyu, musamman idan an raba musu waya ɗaya da irin 'yan rabe-raben nan masu araha. A irin wannan yanayi kowane faifai zai yi aiki idan shi kaɗai ne, amma idan aka haɗa su sai ɗaya ya ɓace, kuma wannan alama kaɗai ta isa ta wanke faifan daga zargi.

Ƙa'idar binciken kuwa ita ce a sauya abu ɗaya tak a kowane gwaji, kuma kwamfuta tana kashe an zare ta daga soket. A ɗauki wayar bayanai ta faifan da ke aiki a sa wa wanda ya ɓace. Idan ya fito, laifin waya ne. Idan bai fito ba, a mayar da shi kan kafar da mai aikin yake, sannan a gwada masa bakin wutar wancan. Wanda ya sauya waya da kafa da bakin wuta a lokaci guda, ko da faifan ya fito, bai san abin da ya gyara ba, kuma matsalar za ta dawo masa bayan mako biyu. Mu da ke zaune a wannan yanki mun san abin da ƙurar hunturu ke yi wa kayan lantarki daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu, saboda haka hure kafofin da iska da sake danna wayoyin su zauna da kyau ba ɓata lokaci ba ne, kuma wayar da ke da ɗan makullin ƙarfe a bakinta ta fi wadda ba ta da shi zama daram.

Akwai wani nau'in rashin wuta da ke ruɗa ko da ƙwararru, kuma ya cancanci a tsaya a kansa domin yana ƙara yawa. Ƙa'idar SATA ta 3.3, wadda ta fito a shekarar 2016, ta mayar da fil na uku na bakin wuta ya zama makunnin kashe faifai daga nesa, domin amfanin manyan cibiyoyin ajiyar bayanai. Idan wuta ta shiga wannan fil, faifan zai fahimci cewa an umarce shi da ya zauna a kashe. To, tsofaffin fawa-fak da yawa suna tura bolt 3.3 ta wannan fil ɗin a koyaushe, ta wayar nan mai ruwan lemo da ke kusa da ja da baƙa da rawaya. Sakamakon haka sabon faifai fil, musamman manya-manyan nan ko waɗanda aka ciro daga cikin akwatin USB, zai yi shiru kamar matacce, amma da zarar an mayar da shi akwatinsa sai ya tashi. Maganin shi ne a hana wutar isa wannan fil, ko dai ta hanyar rufe shi da siririn tef mai jure zafi, ko ta amfani da mahaɗi mai kyau daga tsohon bakin wuta mai rami huɗu, wanda dama ba ya ɗauke da bolt 3.3. Na ce mai kyau ne da gangan, domin marasa ingancin waɗannan mahaɗai an san su da narkewa har su kama wuta.

Idan wuta da waya sun fita daga zargi, sai a koma kan babban allon kwamfutar, wanda muke kira bod. A bod da yawa na zamani, ramin M.2 da ake soka ƙaramin faifan SSD yana tarayya da wasu kafofin SATA a kan hanya ɗaya, ta yadda da zarar an sa faifai a wannan rami sai kafa ɗaya ko biyu su daina aiki gaba ɗaya. Ba lalacewa ba ce, haka aka ƙera shi, kuma littafin bod ɗin yana faɗin lambar kafofin da abin ya shafa, sai dai kaɗan ne daga cikinmu ke buɗe shi. Haka nan wasu bod suna da kafofi masu launi daban waɗanda wata na'urar sarrafawa ta daban ke kula da su, kuma faifan da ke kansu ba zai shiga tagwaitawa da wanda ke kan sauran ba. A kwamfutocin ofis na tokumbo da ake shigo da su kuwa, ana yawan samun an kashe wasu kafofi tun daga cikin BIOS, wato allon saitin bod da ake shiga kafin Windows ta tashi, sai an shiga an kunna su. Sannan masu sayen faya-fayan tokumbo su kula da waɗanda aka ciro daga manyan sabobi, wato manyan kwamfutocin cibiyoyin ajiyar bayanai, domin wasunsu wani nau'i ne mai suna SAS ba SATA ba, bakinsu a haɗe yake babu tsagar da ke tsakanin ɓangaren wuta da na bayanai, kuma ba za su taɓa aiki a kan kafar SATA ba ko da an samo musu mahaɗin da ya shiga.

Shiga BIOS shi ne ke raba binciken gida biyu, kuma a ganina babu matakin da ya kai shi muhimmanci. Idan sunan faifan da girmansa ba su fito a can ba, da wuya wata manhaja ta fito da shi, sai a koma kan wuta da waya da kafa. Idan kuwa BIOS ta gan shi, to faifan yana raye, yana magana da bod, kuma galibi abin da ya rage na saiti ne. A nan ne ake duba yanayin da aka sa kafofin SATA, ko AHCI, wanda kowane faifai ke aiki shi kaɗai, ko RAID. Wanda yake so bod ɗin da kansa ya yi tagwaitawar dole ya zaɓi RAID, amma ya sani cewa idan an riga an sa Windows a yanayin AHCI, sauyawar kai tsaye takan sa kwamfuta ta ƙi tashi, ta nuna shuɗin allo mai cewa ba ta iya isa ga faifan tashi. Mutane da yawa a nan suke firgita su ce komai ya tafi, alhali mayar da saitin yadda yake ya isa ya dawo da ita. Idan kuma sabuwar Windows ake sawa a yanayin RAID, sai aka zo wurin zaɓar faifai aka tarar fayau babu ko ɗaya, to direban na'urar da ke sarrafa faya-fayan ne babu, wato 'yar manhajar da Windows ke gane na'urar da ita. A sauko da shi daga shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar, a sa a filash, a loda shi a wannan mataki. Wannan ya zama ruwan dare a kwamfutoci masu Intel daga zuriya ta 11 zuwa sama, saboda wani tsari nasu da ake kira VMD.

A cikin Windows kanta, rashin ganin faifai a wurin da ake buɗe fayiloli ba hujja ba ce ta komai, domin sabon faifai ba ya fitowa a can sai an raba shi an ba shi harafi. Wurin dubawa shi ne Disk Management. Idan an ga an rubuta Not Initialized a gefensa, kuma an tabbatar ta lambar siriyal cewa sabon ne, sai a shirya shi, a zaɓa masa tsarin raba faifai na GPT, domin tsohon tsarin MBR ba ya iya amfani da abin da ya haura terabait 2. Amma idan faifan da aka san yana da bayanai ne ya nuna haka, kada a amsa tayin da Windows ke yi na shirya shi, a tsaya a nemi ceto bayanan tukuna. Idan kuma Offline aka gani, sau da yawa dalilin shi ne an taɓa kwafe faifai ɗaya kacokan zuwa ɗayan, sai suka zama da lambar shaida iri ɗaya, Windows kuma ta ajiye ɗaya gefe domin kada su rikita ta. Akwai kuma wanda zai ga faifan sarai amma zaɓin tagwaitawar ya ƙi dannuwa. Dalilin yana iya zama cewa Windows ɗin ta Home ce, wadda ba ta da wannan dama a Disk Management, ko kuma faifan na biyu ba shi da fili wanda ba a raba ba da ya kai girman na farko. Tun daga Windows 8 akwai wata hanya mai suna Storage Spaces da ke tagwaita faya-fayai biyu, amma ba ta karɓar faifan da Windows ke zaune a kai, kuma tana goge duk faifan da aka ba ta. Wannan gargaɗi yana fitowa a rubuce, sai dai hannun mai gaggawa ya riga idonsa.

Yanzu na zo kan dalilin da na fi cin karo da shi a faya-fayan hannu, waɗanda su ne akasarin abin da mutanenmu ke iya saya. Faifan da ya taɓa zama cikin wata tagwaitawa a wata kwamfuta yana ɗauke da wani ɗan rubutu na musamman da ke cewa shi ɗan wata ƙungiya ce, mai lamba kaza, kuma abokinsa wane ne. Na'urori da yawa, ciki har da na Intel, suna ajiye wannan rubutu ne a can ƙarshen faifan, inda fomat na gaggawa ba ya kaiwa. Saboda haka mai sayarwa zai rantse cewa ya goge shi tas, kuma gaskiya ya faɗa iyakar saninsa, amma sabuwar kwamfutar tana karanta wannan rubutu sai ta ɗauka faifan na wani ne, ta ƙi sa shi cikin jerin waɗanda za a zaɓa. A sabobin Dell irin wannan faifai yakan fito da alamar Foreign, inda ake da zaɓin karɓo tsohon tsarin ko share shi. A allon saitin RAID na Intel akwai umarnin mayar da faifai ya zama ba na RAID ba. A Linux kuwa umarnin lsblk yana nuna faya-fayan da ke nan, mdadm tare da zaɓin examine yana karanto tsohon rubutun, wipefs idan aka kira shi ba tare da wani ƙari ba yana nuna alamomin da ke kan faifai ba tare da ya taɓa su ba, sannan mdadm yana da zaɓin zero-superblock na share tsohon rubutun.

Duk waɗannan umarnai na sharewa ba su da komawa baya, kuma ba sa tambaya sau biyu. Shi ya sa shawarata a nan ba ta da sassauci: kafin a share komai, a kashe kwamfuta, a zare wayar faifan da ke da bayanai gaba ɗaya, a bar wanda za a share shi kaɗai, a sake gwada lambar siriyal da abin da aka rubuta a takarda. Faifan da ba ya jone ba za a iya goge shi da kuskure ba. Haka kuma idan lokacin haɗa tagwayen ya yi, a karanta da kyau wanne ne za a kwafa daga gare shi, wanne ne za a kwafa a kansa, domin idan aka juya su, cikin 'yan daƙiƙu za a fara shimfiɗa faifan da babu komai a kan mai bayanai.

Batun girma ma yana hana ruwa gudu. Kamfanoni suna lissafin terabait ɗaya a matsayin bait tiriliyan ɗaya cif, Windows kuma tana lissafi da 1024 maimakon 1000, shi ya sa faifai mai terabait 1 ke nuna kusan gigabait 931, kuma wannan ba ha'inci ba ne. Abin lura shi ne faifan da za a ƙara dole ya kai na farko girma ko ya fi shi, domin ko da 'yan megabait ya gaza, za a ƙi karɓarsa.

Wani lokaci faifan yakan fito, a fara tagwaitawa, sai a tsakiyar aiki ya sake ɓacewa. A nan ne ya kamata a tambayi faifan da kansa labarin lafiyarsa, domin kowane faifai yana riƙe da rahoton da ake kira SMART, wanda manhajoji na kyauta irin su CrystalDiskInfo da smartctl ke karantawa. A duba lamba ta 5, wadda ke ƙirga gurabun da suka lalace aka sauya su, da ta 197 mai ƙirga waɗanda ake shakkar su, da ta 198 mai ƙirga waɗanda suka gagara karantuwa, sannan a duba ta 9 domin a san awannin da faifan ya yi yana aiki kafin ya zo hannunmu. Faifan da waɗannan lambobi ke hawa a kansa bai dace da tagwaitawa ba, ko da yana buɗewa yau. Akwai kuma bambancin ƙira. Faya-fayan da ake kira SMR suna jera layukan rubutu wani a kan gefen wani domin su ɗauki kaya da yawa, kuma idan aka daɗe ana rubutu a kansu ba hutawa, kamar yadda ake yi wajen tagwaitawa, sukan yi nauyi ƙwarai har na'urar sarrafawa ta ɗauka sun mutu ta fitar da su. A shekarar 2020 wannan magana ta tayar da ƙura a duniya, lokacin da ta bayyana cewa wasu faya-fayan WD Red masu terabait 2 zuwa 6 irin wannan ƙira ce, abin da ya sa kamfanin ya ware masu ƙirar CMR, waɗanda layukansu ba sa hawa kan juna, da sunan Red Plus. Mai sayen faifai domin wannan aiki ya nemi CMR, ya duba lambar samfurin a shafin kamfanin kafin ya biya.

Kada kuma a manta da halin wutarmu da zafinmu. Kwafe faifai mai terabait 2 zuwa abokinsa yana cin kusan awa huɗu idan komai na tafiya daidai, kuma yakan fi haka idan ana aiki da kwamfutar a lokacin. Fara wannan aiki ba tare da UPS, wato na'urar da ke riƙe wa kwamfuta wuta idan an ɗauke, ko inbata mai ƙarfi ba kasada ce, domin ɗaukewar wuta a tsakiya tana iya mayar da aikin farko, ko ta bar tagwayen a rabe. A watannin Maris da Afrilu kuwa, faya-fayai biyu da aka manna su da juna cikin akwati marar fanka suna ɗaukar zafin da ke rage musu kwana, don haka a bar tazara a tsakaninsu, a sa musu fanka a gaba.

Ba na musun cewa wani lokaci faifan ya mutu da gaske. Idan an gwada shi da waya mai kyau da wuta mai kyau a kwamfuta ta biyu bai fito a BIOS ba, ko kuma yana ƙara ƙas-ƙas yana maimaitawa, to ya tafi. Idan sabo ne a mayar wa mai shago da rasit, shi ya sa ya kamata a yi gwajin tun ranar saye. Idan kuwa yana da bayanai masu muhimmanci, a kashe shi nan take, domin kowace kunnawa tana ƙara masa rauni. Kada a buɗe murfinsa a shago, ƙwayar ƙura ɗaya ta isa ta karce fuskar da bayanan ke kai, kada kuma a sa shi a firji kamar yadda wasu ke ba da shawara.

Ga masu kawo mana aiki, ina roƙonku da ku daina karɓar kwamfuta a kan kalmar "an gama" kawai. Haƙƙinku ne mai gyara ya nuna muku faya-fayan biyu a fuskar kwamfuta da lambobinsu, ya nuna muku inda aka rubuta cewa tagwayen suna lafiya kuma kwafin ya kai ƙarshe. Mafi kyau ma, tun kafin a zuba bayanai na gaske, a kashe kwamfuta a zare faifai ɗaya a kunna a ga ko fayilolin gwaji suna nan, a mayar da shi a jira ya daidaita, sannan a yi wa ɗayan haka. Ku kuma nemi a koya wa wani a ofishinku inda zai riƙa dubawa ko da sau ɗaya a mako, domin tagwaitawa tana ɓoye mutuwar faifai ɗaya, kwamfuta ta ci gaba da aiki kamar babu abin da ya faru, har ranar da na biyun zai bi shi. Sannan ku sani cewa wannan tsari yana kare ku ne daga mutuwar faifai kaɗai. Fayil ɗin da ma'aikaci ya goge da kuskure ya gogu a duka biyun, bairos mai kulle bayanai ya nemi kuɗin fansa zai kulle duka biyun, haka tsawa a lokacin damina da gobara da ɓarawo ba sa ɗaukar ɗaya su bar ɗaya. Dole ne a riƙa yin wani kwafi na dabam a faifan waje, a ajiye shi a wani gini, ko a tura mafi muhimmancin bayanan zuwa ma'ajiyar intanet.

Ga iyayen gidanmu masu shaguna da ke da yara masu koyon aiki, da malaman da ke koyar da wannan fanni a cibiyoyin horo da manyan makarantun da Allah ya albarkaci Zariya da su, ina ba da shawarar a ware tsofaffin faya-fayai biyu da wata tsohuwar kwamfuta domin gwaji. A sa yaro ya tagwaita su, a zare masa waya ɗaya ba tare da ya sani ba, a kashe masa kafa a BIOS, a ba shi faifai mai tsohon rubutun RAID, a bar shi ya gano kowanne da kansa yana rubuta abin da ya gwada da abin da ya gani. Yaron da ya yi wannan a kan faya-fayan da babu bayanan kowa a ciki shi ne za a iya miƙa wa kwamfutar makaranta ko ta asibiti a bar shi da ita.

Na gode da filin da ka ba ni, Allah ya ƙara wa jaridar nan ɗaukaka. Wassalam.

Naka,
Wani mai gyaran kwamfuta,
Sabon Gari, Zariya.